Sammani da Awon Minti Uku

Duk wanda ya zauna Ƙofar Kwaya a shekarun da kuɗin man fetur suka fara ambaliya, ya san Sammani Taimkifa. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, domin mutum ne da ba ya iya sayen ashana sai ya yi wa mai kanti bayanin yadda ake yin ta. Aikinsa a kamfanin gadajen ƙarfe da katifu da ke kan hanyar Batagarawa shi ne ya tsaya bakin ƙofa da safe, yana rubuta wanda ya zo da wanda ya makara. Iyakar aikin ke nan. Amma in ka ji shi da yamma a majalisar shagon Rabe tela, sai ka rantse in ya yi atishawa injunan kamfanin tsayawa suke yi.

Abin da ya ƙarasa lalata shi kuwa, wani kwas ne na kwana goma da aka tura shi Kaduna, saboda wanda ya kamata ya je zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya dawo da takardar shaida, da usur, da wani agogo mai maɓalli a ka, irin wanda ake auna gudun 'yan tsere da shi. Daga ranar ya daina cewa "sai an jima". Ko wanka zai shiga, sai ya ce wa matarsa Zuwaira zai fito nan da minti bakwai.

Lokacin kasuwa ta buɗe. Tun da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, ba amaryar da za ta yarda a kai ta ɗaki ba gado mai rumfa, saboda haka injin kamfani ba ya hutawa. Abu ɗaya ne yake ci wa manaja, Alhaji Lawwali, tuwo a ƙwarya: awon lafiyar ma'aikata na shekara. Doka ce, masu shaƙar ƙurar auduga da hayaƙin walda da warin fenti, dole likita ya saurari ƙirjinsu, ya auna jininsu da nauyinsu, ya sa hannu. Sau ɗaya a shekara likitan yake zuwa daga Kaduna, ya sauka a wani ɗan asibitin ma'aikata mai ɗaki biyu da ke can gefen filin kamfanin, wanda wani dattijon dispensa, Malam Dabo, yake kula da shi. Mutum ɗari da arba'in ne, kuma kwana shida ake yi. A kwana shidan nan rabin ma'aikata suna gindin dogon yaro suna jiran layi, suna cin gyaɗa.

Ran nan Alhaji Lawwali yana tsaye bakin ƙofa yana mita, ga oda ta taru, ga likita zai zo ran Talata. Sammani ya gyara tsayuwa.

"Ranka shi daɗe, kwana shidda? Ai wannan ɓarna ce. Ni in aka ba ni, yini guda. Kai, yini ma ya yi yawa. Bakwai na sahe zuwa biyu, a yi azahar takardu na bisa teburinka."

"Sammani, mutum ɗari da arba'in ne fa, ba awaki ba."

"Awaki ai sun hi wuya, ranka shi daɗe, su ba su jin usur. Minti uku-uku, ka lissafa ka gani."

Alhaji ya lissafa, ya ga awa bakwai cif. To, a watan ne ofisan ma'aikata ya yi ritaya, ofishinsa yana nan a rufe, da fanka da labule. Har an sayo wa wanda zai gaje shi sabuwar kujera mai juyawa, tana sito ko ledarta ba a cire ba. Kowa ya san Sammani yakan ƙirƙiri dalilin shiga sito don kawai ya shafa ta.

"Tau," in ji Alhaji. "In ka gama yini guda, ofis ɗin can naka ne, da kujerar. In kuwa ba ka gama ba..."

"Babu in ba ka gama ba, ranka shi daɗe."

Kwana uku Sammani yana aiki tuƙuru. Ya samo wani ƙaton kwali ya ja masa layuka da jan biro. Suna, a cewarsa, ɓata lokaci ne, don a kamfanin Sani kaɗai sun kai tara. Sai ya ɗauki lambobin katin aiki ya jera su daga ɗaya har ɗari da arba'in, bai ko duba wace lamba ce ta wa ba. Ya yanka ƙananan kwalaye, ya sa musu zare, kowa ya rataya tasa a wuya. Ya taka daga ƙofar ɗakin injuna zuwa asibitin, taku ɗari uku da ashirin, ya danna agogo, ya ga tafiya tana cin minti huɗu, gudu kuwa ɗaya da rabi. Nan take ya soke tafiya. Ya kuma lura cire riga yana cin lokaci, musamman ga masu 'yar ciki da laya, sai ya rubuta cewa kowa ya tuɓe tun daga bakin injinsa.

Sannan ya tafi wajen Malam Dabo, ya same shi yana wanke kwalabe.

"Malam Dabo, na gano cutar asibitin ga. Gaisuwa ce. Awon kansa bai wuce minti uku ba. Amma kai ka gaida mutum, shi gaishe ka, ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka yi mashi jajen jakin da ya mutu bara..."

"Yo mutum shi shigo in dube shi kamar buhun gero?"

"Kamar buhun gero, Allah shi ba ka lahiya! Ka ga ka gane kwas ɗin tun ba ka je ba."

Malam Dabo ya ajiye kwalba. "In ban tambayi mutum gida ba, ta ina zan ji shina tari? Mutanen ga ba su cewa ba su da lahiya sai an zagayo da su. Kuma ka duba wa zai shiga gaban wa? Kamfanin ga hwa duk dangi ne da surukai, wanga ya kawo wancan."

"Lamba ba ta da suruki, Malam Dabo."

Dattijon ya dube shi ya daɗe, sannan ya yi wani ɗan murmushi da ya kamata Sammani ya ji tsoronsa. "Tau shi ke nan. Ran Talata ko tari ba ni yi."

Da yamma a shagon Rabe tela, Sammani ya ba da labarin har sau uku, kowane karo yawan ma'aikatan yana ƙaruwa. Ya ba Rabe ɗinkin safari mai aljihu huɗu, ya ce ofisa ba ya zama bisa kujera mai juyawa da babbar riga, za ta naɗe. Ya gayyaci majalisar kaf su zo ran Talata su ga yadda ake aiki a Ingila.

"Ka taɓa zuwa Ingilar?" in ji Rabe, allura a baki.

"Wanda ya koya mana ya je."

Ran Talata tun ƙarfe shida da rabi Sammani yana bisa wani durom a tsakiyar fili, cikin sabuwar safari, usur a wuya, agogo a hannun hagu, a dama kuma lasifikar da ya aro wajen wani mai tallan maganin basir. Likita ya iso, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya son yawan magana, ya shiga ciki. Bakwai na bugawa Sammani ya busa usur.

"Lamba ɗaya zuwa biyar! Gudu!"

Mutum biyar suka fito ba riga, kwali yana rawa a ƙirjinsu, suka sheƙo. A bakin ƙofar asibitin suka ci birki. Lamba ɗaya wani mai fenti ne, Sule. Lamba biyu kuwa Malam Ilu, ƙanen mahaifinsa.

"Bismilla, Baba."

"A'a, lambarka ce, shiga."

"Wallahi ban shiga gabanka."

"An ce lamba, ɗan nan."

"Lamba ta haihe ni?"

Minti huɗu suna wannan, sai da Sammani ya diro daga durom ya tura Sule ciki da kafaɗa. Sule ya yi sallama, ya rusuna ya ce, "Malam, an tashi lahiya?" Malam Dabo, wanda shekara goma sha biyar bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba, ya dube shi, ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya rubuta, ya nuna masa labulen likita da haɓa. Ko uffan bai ce ba.

Sule ya fito jikinsa a sanyaye. Maimakon ya koma bakin aiki da gudu yadda kwali ya ce, sai ya wuce gindin dogon yaro ya zauna, ya haɗa kai da gwiwa. Waɗanda ke leƙe ta tagar ɗakin injuna suka tambaye shi lafiya.

"Malam Dabo bai amsa mani gaisuwa ba. Dubana kawai ya yi, ya yi rubutu." Ya share ido. "Halan ya ga wani abu a jikina. Don Allah wanda na yi ma laihi shi yahe mani."

Malam Ilu ya fito, shi ma ba a gaishe shi ba, ya zo ya zauna kusa da Sule yana salati. Kafin ƙarfe takwas mutum tara ne a gindin bishiyar, suna yafe wa juna. Wani har ya fara faɗa wa na kusa da shi wanda za a ba kekensa.

"Ku tashi ku koma aiki!" in ji lasifika. "Ba kowa zai mutu ba! An hana gaisuwa ne kawai!"

"Ka ji ko," in ji Malam Ilu. "Ba kowa ba. Wato wasu."

A ciki kuma likita ya cire abin sauraro daga kunnensa, ya duba shi, ya busa, ya mayar. "Malam Dabo, wannan na goma sha ɗaya ke nan. Zuciyar kowa tana bugawa kamar kalangu, jinin kowa ya hau. Me suke shaƙa a kamfanin nan?"

"An hana ni magana, likita."

Likita ya ce daga yanzu duk wanda ya shigo ya zauna a benci ya huta minti biyar kafin a taɓa shi. Da labari ya kai durom, Sammani ya ji kamar an soke shi. Ya duba kwali, ya duba agogo: ƙarfe tara saura, ya kamata a ce ana lamba talatin da bakwai, ga shi ana sha huɗu. Ya yi lissafi da sauri, ya gano maganin abin. Tunda likita yana cinye minti biyar, to a rama su a hanya.

"Ku ƙara gudu! Wanda ya wuce minti guda a hili, na rubuta shi ya makara!"

Suka ƙara gudu. Suna isa suna zubewa a benci suna haki, likita ya mai da hutun minti goma.

Kafin hantsi ya yi zafi bakin wayar da ta kewaye kamfanin ya cika da 'yan kallo. Matan Batagarawa masu fura sun sauke ƙwarya, masu kekuna sun jingine, wani direban tifa ya kashe mota a tsakiyar hanya. Ganin ƙarti ba riga suna tsere da lamba a wuya, wani ya ce soja ake ɗauka. Nan da nan samari uku suka tuɓe suka tsallako waya suka shiga layi, ɗaya har an auna shi kafin a gane. Rabe tela ya rufe shago ya zo da majalisa, suka sami inuwa suka zauna.

"Sammani! Ingilar ke nan?"

Sammani ya yi kamar bai ji ba. "Ashirin da ɗaya zuwa ashirin da biyar!"

A wannan rukunin akwai Yahaya, hediman masu walda, mutum mai sanyin hali wanda ya san kowa a kamfanin har kakansa. Ya taho da gudunsa, ya kai rabin fili, ya waiga don ya ga wa ke haki a bayansa. Uban matarsa ne, tumbi a waje, kwali yana tsalle a kai. Yahaya ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu kamar wanda aka buɗe wa banɗaki, ya karya kwana, ya faɗa bayan tarin katifu. Tsohon ma ya juya ya nufi wajen rigarsa yana a'uziyya.

Daga nan kowa ya farga. Aka shiga duba wuyan juna. Wanda ya ga lambarsa tana kusa da ta surukinsa, ko ta wan matarsa, ko ta malamin da ya sauke shi, sai ya nemi mai musaya. Ɗakin injuna ya koma kasuwar kwali, injin yankan ƙarfe yana ta kuka shi kaɗai ba mai kula shi. A asibiti Malam Dabo ya ɗauko katin lamba ashirin da shida, wanda ya ce mai shi ɗan shekara sittin ne mai ido ɗaya, sai ga wani ƙaton saurayi ya shigo da idanunsa biyu ƙuru-ƙuru. Likita ya duba kati, ya duba saurayi, ya ce lalle iskar Katsina tana da kyau.

Sammani ya jawo Yahaya daga bayan katifu.

"Kai hediman guda, kake ɓuya kamar amarya?"

"Sammani, uban matata ne. Tsirara shike."

"Da wandonshi!"

"Ni dai ban iyawa. Ka bari in jera maka su, tsohhi daban, yara daban, surukai a raba masu rana. Na san kowa."

"A raba rana? Rana guda gare ni!"

Ya koma bisa durom, gumi ya jiƙa safari har aljihun ƙasa, ya ɗaga lasifika yadda har masu fura za su ji.

"Jama'a, ku saurara! Wannan aikin kamfani ne, ba zaman gaisuwar suna ba! Babu surukuta a nan! Ni da kuke gani, wallahi ko uban matata ne ya ci mani minti guda, hid da shi zan yi!"

Ma'aikata suka dubi juna, domin kowa ya san uban matar tasa. Baba Sada ne, tsohon da ke auna auduga a can ƙarshen sito, wanda shi ne ma ya roƙa aka ɗauki Sammani aiki. Shekara tara suna kamfani ɗaya, Sammani bai taɓa yarda sun haɗa ido ba. In ya hango farar hularsa, zagayawa yake ta bayan injin wuta. Amma yau lasifika tana hannu, ga majalisa tana kallo, bakinsa ya riga hankalinsa.

Wajen sha ɗaya da rabi Sammani yana can yana kora wasu da suka ɓuya a banɗaki, bai ga wanda ya shiga asibiti ba. Da ya dawo ya tarar layi ya tsaya cik. Ya danna agogo. Minti uku, ba wanda ya fito. Minti shida. Ya matsa bakin ƙofa, sai ya jiyo muryar Malam Dabo daga bayan labule, muryar da tun safe ba a ji ba.

"Ina gajiya? Ina iyali? Ina ƙahwar taka? Madalla. An yi shuka wajenku?"

Wata murya ƙasa-ƙasa tana amsawa a natse, har likita ma yana sa baki. Minti tara. Minti goma sha ɗaya. Idon Sammani ya rufe. Ya kutsa ciki da lasifika a baki, a ɗakin da bai fi taku biyar ba.

"Wane tsohon kunkuru ne wanga ya zo ya shanye mani lokaci? Hito! Nan ɗakin tsohuwarka ne? Hito, ko in ɗauko ka da sikelin!"

Ya fizge labule.

Baba Sada ne tsaye a kan sikeli, daga shi sai ɗan gajeren wando da farar hularsa, rigarsa a ninke bisa kujera, lamba talatin da takwas tana kwance a kan furfurar ƙirjinsa. Ya dai juyo ya dubi mijin 'yarsa, daga sabon takalmi har lasifika.

Sammani ya ji duniya ta yi masa zafi. Ƙofa tana bayansa a buɗe, amma bai tuna da ita ba. Taga ya gani. Ya saki lasifika, ya taka benci, ya bi ta saman kan likita, ya fice ta tagar nan da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. A daidai lokacin Alhaji Lawwali ya kawo sabuwar motarsa Fijo gindin tagar, ya zo ganin yadda ake ciki. Sammani ya sauka a kan bonet da ƙara, suka kalli juna da manaja ta gilashi, ya mirgina ƙasa, ya tashi, ya ranta a na kare. Ya keta fili, ya tsallake durom ɗinsa, ya tsallake ƙwaryar fura biyu, ya ɓace bayan tankin ruwa. 'Yan kallo suka ɗauki tafi da sowa, direban tifa yana danna ham.

"Wannan ko minti guda bai yi ba!" in ji Rabe tela.

Baba Sada ya gama awonsa a tsanake, ya sa rigarsa, ya fito. Bai koma sito ba. Ya jawo benci ya ajiye a bakin ƙofar asibitin, ya zauna, ya ciro goro ya ɓare.

"Ni nan zan zauna," ya ce wa Malam Dabo, "in ga ƙarshen aikin zamani."

Shi ke nan an kashe Sammani da ransa. Daga bayan tanki yana hango ƙofar, yana hango farar hula, kuma ya san ko kamfanin za a ba shi kyauta ba zai iya taka filin nan ba. Ya yafito Yahaya da hannu.

"Don Allah ka je ka ce ma Baba... ka ce mashi ana nemanshi a sito."

Yahaya ya je ya dawo. "Ya ce auduga ba ta gudu."

"Ka ce mashi rana ta yi zahi, shi shiga inuwa."

Ya je ya dawo. "Ya ce kunkuru ya saba da rana."

Sammani ya dafe kai. Ya gwada busa usur daga inda yake, amma ba wanda ya motsa. Ma'aikata sun riga sun sa rigunansu. Yana ji yana gani Yahaya ya tattara kwalayen wuya ya zuba a kwando, ya kira dattawa suka zauna a inuwa, ya ce samari su koma bakin injin sai an aiko. Malam Dabo ya fito ya bi mutanen gindin dogon yaro ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, kowa da tambayar gidansa, nan take duk suka warke. Likita ya yaga takardun safe gaba ɗaya, ya ce a sake daga farko.

Da aka kira azahar, mutum bakwai aka auna.

Bayan salla Alhaji Lawwali ya zagayo bayan tanki, likita yana biye da shi. Suka sami Sammani a tsugune, gwiwar safari ta yage.

"Ranka shi daɗe, tsarin ba shi da laihi. Mutanen ne ba su kai matsayin..."

"Bonet ɗina ma bai kai matsayin ba ko?"

Likita ya ciro takarda ya sa hannu ya miƙa wa manaja. "Wannan dai ba sai na auna shi ba. Shekarata goma sha biyu ina aikin nan, ban taɓa ganin ƙafa da huhu irin nasa ba. Lafiyarsa ƙalau."

Alhaji ya karanta, ya jinjina kai. "Madalla. Dama masinjanmu ya tsufa, wasiƙa tana kwana biyu kahin ta kai gidan waya. Sammani, daga gobe ka aje agogon nan, ka ɗauki jakar wasiƙu."

Awon ya ci kwana bakwai a shekarar, har da ranar da aka ɓata. Zuwaira ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba, sai da ya tura dattawan unguwa da ƙwaryar goro gidan mahaifinta. A majalisa kuwa bai fasa ba. Ya ce likitan Kaduna da kansa ya rubuta cewa duk Katsina ba mai lafiyarsa, kuma manaja ya ɗauke shi daga bakin ƙofa ne don yana son mutum amintacce kusa da shi. Da Rabe ya tambayi labarin kujera, sai ya ce ana nan ana shawara.

Ran Litinin aka gama shawarar. Alhaji Lawwali ya kira sabon masinja ya ce ya je sito ya ɗauko kujera mai juyawa ya kai ofishin ma'aikata, Malam Yahaya yana jira.

Sammani ya shiga sito, ya tsaya a gabanta. Wannan karon bai shafa ta ba. Allah ya sani ya so kujerar nan. Ya kinkime ta ya ɗora a ka, nauyi gare ta kamar buhun siminti, ya fito yana sauri don ya ƙetare fili kafin a fito shan iska. Yana karya kwanar sito sai ga farar hula a gabansa, taku uku.

Hannuwansa biyu suna sama riƙe da kujera, dama bango, hagu tarin ƙarafa. Ba wajen gudu. Ya zame takalmansa da ƙyar, ya durƙusa a wurin, kujera tana juyawa a hankali bisa kansa. Ma'aikata suka fara leƙowa ta tagogi.

Baba Sada ya gyara tsayuwa, ya dogara da sandarsa, kamar mutumin da ba abin da ke jiransa har la'asar.

"Sammani. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ina Zuwaira? Ina yaran? Mai sunan malam ya bar tarin? Tau madalla. Ina Gwaggonka ta Ƙofar 'Yandaka? Ta samu sauƙin idon? Ina maƙwabta? Ina su Rabe?"

Wuyan Sammani ya fara rawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya ciro goro, ya duba shi, ya ɓare, ya tauna, sannan ya ɗaga ido ya dubi kujerar, ya sauko da shi kan wanda ke ƙarƙashinta.

"Ina aiki?"

Daga ƙarƙashin kujera wata 'yar siririyar murya ta fito.

"Aiki da godiya, Baba."